Baffan Da Na Tsinta A Waya

Masu karatu, waɗanda suka cika min akwatin saƙo da "Tunu kin cika girman kai" na gani, na kuma gode. Ku gyara zama, yau za ku samu abin da kuke nema. Amma duk wadda ta yi dariya har haƙoranta suka fito, Allah ya haɗa ta da irin baffan da na haɗu da shi.

Ga waɗanda yau suka shigo, sunana Tunu Kibwana. Shekarata ashirin da bakwai, digirina na kasuwanci yana rataye a falonmu na unguwar Mwananyamala, daidai ƙasan hoton Baba da kakinsa na tashar jiragen ruwa. Shekara biyu ke nan da rasuwarsa. Ya bar mana gida irin na da, ɗaki shida, baranda a gaba inda Mama ke soya vitumbua, wato wainar shinkafa, da safe, dogon lungu a tsakiya, tsakar gida a baya. Yayana Shomari yana Maskat, ba ya kira sai ya tambayi ina aka kwana a maganar gado. Kotu ni ta naɗa in kula da gadon, don ni ce mai karatun gidan. Mama kuwa gwiwoyinta sun gaji da kwasar ruwan da ke shigo mana duk damina. So take a sayar, a ba Shomari nasa, mu gina ɗan ƙarami a Chanika ta yi kiwon kaji.

Har nan babu rigima. Rigimar ta shigo ne cikin bajaji, babur mai ƙafa uku, daga Tandika, sanye da kanga, zanin nan mai habaici a rubuce, wadda rubutun bakinta da ni yake. Gwaggo Mwamvita ke nan, yayar Baba.

"A ba Kondo gidan ya sayar," ta ce, tun kafin ta cire takalmi.

Kondo dillali ne. Yana zama da abokan sana'arsa a gindin mangwaron bakin tasha, wayoyi uku a hannu, tarin makullai a ƙugu, in yana tafe sai ka ce akuya mai ƙararrawa. Rigarsa kullum a goge, wannan ban hana shi ba. Shekara guda ke nan yana bin Gwaggo da kifi da turare don ta shawo masa kaina.

"Gwaggo, la'adarsa kashi goma cikin ɗari ce fa. Don ya nuna wa mutum ƙofar da ni ma na san inda take?"

"In kika aure shi ai la'adar gida ta dawo."

"Gida za a sayar ko ni?"

"Duk wanda aka fara tayawa. Ke ma ai kin daɗe a kasuwa."

Mama ta sunkuyar da kai tana juya vitumbua, kafaɗunta na rawa don dariya. Na miƙe na gyara zaman doguwar rigata, dera mai ruwan zuma, na ce shekara uku na yi ina karanta saye da sayarwa a jami'a, ba zan ɗauki gumin Baba in miƙa wa 'yan gindin bishiya ba. Gwaggo ta tattara jakarta, ta rantse ba za ta sake taka gidan ba sai ranar da na neme ta da bakina. Na ce Allah ya kiyaye hanya.

Washegari na fara da bango.

Kun san rubutun nan. A layinmu cikin gida uku, biyu suna da shi. Namu Baba ne ya yi da hannunsa, da jan fenti, haruffan har suna gangarowa: WANNAN GIDA BA NA SAYARWA BA NE, HATTARA DA 'YAN DAMFARA. Ko mai son sayarwa ba ya taɓa shi sai ranar da kuɗi suka shiga hannu. Dillali ne ke shigo da mai saye a hankali, a gaisa da shugaban unguwa, a gama magana, rubutun na nan yana ta ƙaryarsa. Ni kuwa na ga wannan jahilci ne. Wane ɗan kasuwa ne ke rubuta "babu" a kan kayansa? Na ɗaura tsohon zani, na shafe shi da fenti mai ruwan madara, shafi biyu. Na ɗauki hotunan gidan ta kowace kusurwa, har falo, na watsa a duk zaurukan wayar da nake ciki. A ƙasa na rubuta da manyan haruffa: KAI TSAYE DAGA MAI GIDA, BA MA SON DILLALI.

Ko hannu ban gama wankewa ba saƙon Kondo ya shigo.

"Mai Digiri, an share rubutun bangonku. Ɓarayi ne?"

"Ni ce."

"Da ɓarayin ne da da sauƙi."

Ya sake turowa: "Ba don la'ada ba. Kar ki ba kowa kwafin takardar gida. Duk wanda ya zo, ki fara kai shi wurin shugaban unguwa, in ya ƙi zuwa ki sallame shi."

Na rubuta, "Na gode da lacca, Farfesan Mangwaro." Na toshe lambobinsa, duka ukun.

Sati biyu na sha wuya, ba zan ɓoye muku ba. Wani ya zo ya ƙwanƙwasa kowane bango kamar mai zaɓen kankana, ya taya rabin kuɗi. Wata ta zo da yara biyar suka cinye cinikin Mama na safe. Wani ya kira ya ce gidan bai dame shi ba, muryata ce ta burge shi. Na daure. Ina dawowa daga aiki, in share lungu, in fesa turare, in canza dera, in tsaya a baranda da murmushin da na tanada.

Sai ga Mzee Pazi. Mzee muke ce wa kowane babban mutum mai shekaru.

Dattijo ne fari sol da furfura, farar jallabiya, hular saƙa, carbi, sanda mai kan azurfa. Na durƙusa na ce shikamo, gaisuwar da ake yi wa manya, ya amsa. Yana shiga falo ya tsaya a gaban hoton Baba, ya cire tabarau, ya ƙura masa ido.

"Kibwana," ya ce. "Ashe gidanka ƙafata ta kawo ni."

Ya ce shekara goma sha ɗaya suka yi tare a tashar jiragen ruwa, kwano ɗaya suke cin abinci. Mama ta ce ita dai ba ta gane shi ba, amma marigayi mutum ne mai jama'a. Ya goge ido da bakin hannun riga. Ni ma na goge nawa. Sai yanzu nake tuna cewa hoton da kakin duk suna cikin tallan da na watsa da hannuna.

Na faɗi kuɗin gidan ina jiran ciniki. Bai rage ko shilin ɗaya ba.

"Zan yi ciniki da marainiyar ɗan'uwana? Kuma daga yau kar in sake jin Mzee a bakinki. Ni ƙanin ubanki ne. Baffa za ki ce."

Wallahi daɗi na ji. Shekara biyu ban kira wani namiji da sunan uba ba.

Ya ce kuɗinsa na banki, sai ƙarshen wata za su fito, kuma bankin na son kwafin takardar gida. Na shiga na ɗauko. Ya ce in sa hannu a ƙasa, in rubuta "na amince", don su san da yawun magada ake yi. Na sa hannun nan nawa mai lanƙwasa uku wanda na yi wata guda ina koya a ajin ƙarshe. Har yaba shi ya yi.

Daga nan ya fara kawo dangi su ga gidan da zai saya. Kullum ranar Talata da hantsi, ranar da nake hutu, Mama kuma take asibiti wurin gashin gwiwa. Tun a zuwan farko ya ja ni gefe.

"'Yata, surukaina ne. Kar ki yi maganar kuɗi a gabansu. In suka ji abin da zan biya, gobe kowa zai zo da tasa matsalar. Ki nuna musu ɗakuna kawai, in sun tambaya ki ce Baffa ya san komai."

Na yi dariya na ce ai na san halin dangi, ni ma ina da Gwaggo.

Talata uku, baƙi kashi uku. Na ƙarshen wata mata ce gajera mai kauri, tabarau a kan hanci, ƙaramin gicciye a wuya, jaka a hammata kamar za a ƙwace. Ya ce sunanta Malama Atupele, matar ƙanin matarsa ce daga Tukuyu. Na sa derata mai ruwan ganye, na dafa shayi mai citta, na jera kofunan da ba a fitowa da su sai da salla. Matar nan har bayi ta leƙa, ta kunna famfo, ta ɗaga kai ta ƙirga ramukan kwano.

"'Yan mata, babu rigimar gado a gidan nan?"

"Ko kaɗan. Baffa ya san komai."

"Ke kin yarda a sayar?"

"Ni ce ma na fi kowa matsuwa."

Tana ɗaukar ɗakunan a waya, wai za ta tura wa 'ya'yanta. Na gyara ɗankwali na shiga hoton, na ɗaga hannu na ce, "Ku zo, gidanku ne." Haka ake ce wa baƙo, ku ma kun sani. Baffa yana bayanta yana gyaɗa min kai, irin na uban da 'yarsa ta fitar da shi kunya.

Ana cikin haka, wata ranar Laraba Kondo ya zo ya yi sallama a baranda. Tun daga nesa na ji makullan. Na leƙa ta taga na ce masa ba na nan. Ya ce to in na dawo a gaya min magana ce mai muhimmanci. Na ce za a faɗa mata, na saki labule. Gwaggo ta kira sau huɗu a ranar, na kife wayar.

Asabar da safe ina wanke kai a tsakar gida, kumfa har ido, na ji ana jan wani abu a jikin bangon waje. Na ɗaura kanga na fito. Malama Atupele ce, da wani mai fenti yana auna bango da igiya. Mama na zaune gaban kaskonta, cokali a sama, ta kasa juya komai.

"Ina kwana, Malama. Baffa ne ya aiko ku?"

"A'a. Na ce bari in rage aiki kafin ƙarshen wata. Shuɗi nake so. Ku kun fara haɗa kaya kuwa?"

"Shuɗi kike so a gidan Baffa?"

Ta sauke tabarau ta dube ni ta samansa, irin kallon da ta yi shekara talatin tana yi wa 'yan aji uku.

"A gidana dai. Na biya rabi ranar Alhamis."

"Kika biya wa?"

"Baffanki. Mai kula da gado."

Kumfa ta gangaro min cikin ido, ban ko share ba. Na ce ni ce mai kula da gado. Na ce mutumin nan saye ya zo yi, kuma ita matar ƙanin matarsa ce. Ta ce ita mijinta ya rasu tun kafin a yi min yaye, kuma ba ta taɓa ganin Mzee Pazi ba sai a talla cikin waya. Ta buɗe jakar nan ta hammata. Ga takardar kotu mai sunansa, da hatimi da komai. Ga kwafin takardar gidanmu. A ƙasa ga "na amince", ga lanƙwasa uku.

"Wannan hannun wa?"

Hannuna ne, babu ja.

Ta danna waya. Sai ga ni cikin dera mai ruwan ganye, baki har kunne: "Ku zo, gidanku ne."

Mai fenti ya naɗe igiyarsa a hankali, ya koma gefe ya sayi vitumbua biyu, ya zauna kallo.

Matar nan ba ta yi ihu ba, abin da ya fi tsorata ni ke nan. Ta nemi wuri a dakalin baranda ta zauna, ta ɗora jakar a cinya. Ta ce kuɗin sallamarta ne na aikin koyarwa, na shekara talatin da ɗaya. Ta ce 'ya'yanta sun ce ta nemi dillali, ta ce ba za ta ba ɗan gindin bishiya kashi goma ba, ita da ta koyar da lissafi.

Mama ta dube ta, ta dube ni.

"Ashe ku biyu ne," ta ce.

"Ni ban san ko ke ma cutarki aka yi ba, ko tare kuka ci," in ji Malama Atupele. "Fuskarki ce a waya, hannunki ne a takarda. Ina ba ki zuwa Talata. Ko kuɗina, ko makullin gidan nan, ko mu haɗu a wurin 'yan sanda."

Na shiga ɗaki na kira Baffa, ina addu'ar kar ya ɗauka don in san inda na tsaya. Bugu ɗaya ya ɗauka.

"'Yata, lafiya? Ya gwiwar Mama?"

Bai san ta zo ba. Ya ce mata ƙarshen wata, ita kuma malamar makaranta ce, ba ta iya jira a buga ƙararrawa ba. Na ce lafiya lau, gaisuwa ce. Ya sa min albarka.

Masu karatu, daga gidanmu zuwa gindin mangwaro tafiyar minti bakwai ce. Na yi ta cikin minti ashirin. Na sa baƙar abaya da tabarau mai duhu, kamar akwai wanda bai san tafiyata ba a unguwar. Su shida ne a kan benci, ana shan gahawa. Suna hango ni hira ta mutu.

"Kai, ku tashi, jami'a ta kawo ziyara."

"Hajiya, ɗaki kike nema ko gida? Kai tsaye daga mai gida?"

Kondo bai yi dariya ba, amma na ga gefen bakinsa na neman cin amanarsa. Ya goge ƙarshen benci da hankici.

"Mai Digiri. An ce ba kya nan. Yaushe kika dawo?"

"Magana nake so mu yi."

"Tashin dillali daga benci da kuɗinsa."

"To zauna, ni ma ba tsayuwa na zo yi ba."

Na zauna. Na faɗa masa komai da ƙaramar murya, sauran biyar ɗin kuma suka matso don kar ƙaramar muryar ta wahalar da su. Da na kai wurin "na amince", wani tsoho ya ajiye kofinsa ya ce, "A jami'ar ne ake koyar da wannan, ko ke kika ƙaro?"

Kondo ya zaro waya ta biyu ya miƙo min. Hotunana ne, waɗanda na ɗauka da hannuna, har inuwata a jikin bango. Kuɗin ƙasa da nawa nesa ba kusa ba, lambar waya wata daban. A ƙasa an rubuta: GADO NE, ANA SAURI, BA MA SON DILLALI.

"Ranar Laraba na gani," ya ce. "Abin da ya kai ni tagarki ke nan. Da jan rubutun nan yana bango, duk wanda ya kawo zai tsaya ya tambayi maƙwabta. Ke kika share masa hanya, shafi biyu."

"Ba lacca na zo ji ba."

"Na sani. Tallan na nan har yanzu, bai ƙoshi ba. Mai saye za mu aika masa, wanda bai taɓa gani ba, mai ƙamshin kuɗi. Mu duk nan ya san fuskokinmu." Ya karɓi wayarsa. "Wa kike da shi mai gwala-gwalai da bakin tsiya?"

Na rufe ido. Na san amsar, shi ma ya sani.

Na kira Gwaggo, sau ɗaya wayar ta yi ƙara ta ɗauka, kamar wata guda tana zaune a kan wayar.

"Wa ke magana?"

"Ni ce, Gwaggo."

"Ke wa? Ina da 'ya'yan ƙanne da yawa, wasu har da kunya."

"Tunu ce. Ina neman ki."

"Da me?"

"Da bakina."

Bayan la'asar muka haɗu a falo. Kondo ya ce kowa ya shigo ta ƙofar baya. Gwaggo ta iso da awarwaro shida a kowane hannu, baƙar abaya mai duwatsu, turaren wuta na tashi daga jikinta kamar an buɗe kanti. Malama Atupele na kujerar Baba, jaka a cinya. Mama na gefe da carbi.

Kondo ya ce in kawo takardar gida ta asali. Na ɗauko ta daga ƙasan akwatin Mama, cikin ambulan ɗinta mai ruwan ƙasa, na miƙa masa da ɗan guntun alfaharin da ya rage min. Wannan dai ban ba kowa ba.

Bai karanta ba. Babban yatsa ya ɗora a kan hatimin ya shafa, ya ɗaga ta saitin taga, ya sake shafawa.

"Hatimin gaske yana da tudu, yatsa na jin sa. Wannan sumul yake." Ya dube ni, babu wasa a fuskarsa. "Tunu, Baffan naki ya taɓa riƙe ta?"

Talatar farko. Ya ce surukinsa na so ya ga ta asali da idonsa. Na ba shi, na shiga kicin don shayi ya tafasa yana zuba. Da na dawo ya miƙo min ambulan a rufe, har da cewa in adana da kyau, duniya ta lalace.

Carbin Mama ya tsaya. Ba ta yi faɗa ba. Ta ɗaga kai ta dubi hoton Baba, ta ce, "Shekara tara yana zirga-zirga kafin a ba shi takardar nan." Da mari ta yi min da ya fi sauƙi.

Gwaggo ta karkaɗa awarwaro. "To. Zan yi aikin, amma gwal ɗina ba ya fita banza. In takarda ta dawo, mutanen Kondo za su kawo wasiƙar neman aure cikin farin hankici, kuma za a karɓa."

Na buɗe baki, Kondo ya riga ni.

"Gwaggo, cire ni a wannan. Ba na karɓar abin da mai shi bai sallama ba."

Ya faɗa da sauri. Da sauri ƙwarai. Ban san dalilin da ya sa hakan ya ba ni haushi ba, kuma kar wadda ta rubuto min dalilin.

Gwaggo ta yi tsaki, ta karɓi wayarsa ta uku, ta kira lambar tallan. Muryarta ta canza nan take, ta koma ta matar da ta yi shekara ashirin a Maskat tana aiken direba. Ta ce ita ba ta da lokaci, jirginta na Laraba. Ta ce kuɗi a hannu za ta biya, gaba ɗaya, amma ita ba ta sayen kwafi, sai ta shafa takardar asali da yatsanta. Muna jin muryarsa ƙasa-ƙasa: "Tana hannuna, Hajiya. Litinin da hantsi. 'Yar ɗan'uwana za ta nuna miki ko'ina, yarinya ce mai tarbiyya."

"Haka na ji ana faɗa," in ji Gwaggo, tana kallona.

Aka tsara. Shugaban unguwa da Malama Atupele za su zauna a ɗakin Mama, Kondo da mutanensa a bakin layi. Ni kuma in durƙusa in ce shikamo, in dafa shayi, in yi murmushi har takardar ta fito daga jallabiya.

Ba a yi minti biyar ba wayata ta yi ƙara a kan tebur. Kowa ya miƙo wuya.

"'Yata, Litinin zan kawo yayar matata ta sa albarka. Ki gyara gida."

Na rubuta, "Allah ya kai mu, Baffa." Kafin in ajiye wani ya shigo.

"Amma an ce min an gan ki yau a gindin mangwaro, kina zaune da dillalin nan mai makullai. Me ya haɗa ki da shi? In kin sa dillali a maganarmu ki faɗa min, in janye."

Baffa yana kan layi, yana jira. In ya janye, ya tafi da takardar Baba, da kuɗin Malama Atupele, ni kuma Talata na nan tafe. Na dubi Kondo, ya buɗe hannuwa. Wane dalili ne zai kai mace mai digiri bencin dillalai da rana tsaka, har a goge mata wuri da hankici? Guda ɗaya ne duk unguwar za ta yarda da shi.

Na rubuta da yatsana, ba wanda ya tilasta ni: "Ba maganar gida ba ce, Baffa. Aurena yake nema, kuma na amince. Kunya ce ta hana ni faɗa maka."

Na tura. Sai a lokacin na ji numfashin Gwaggo a wuyana, da ƙarar wayarta tana ɗaukar hoton fuskar tawa wayar.

"Gwaggo, dabara ce."

"Ni ma ajiyewa kawai na yi."

Malama Atupele ta gyara tabarau. "Yarinyar nan ba ta gajiya da rubuta 'na amince'."

Wayar ta sake ƙara. Na karanta a fili, don ba ni da sauran abin ɓoyewa.

"Masha Allah, kin faranta min. To ki gaya masa kar ya kai sadaki ko'ina. Ni ne uba, ta hannuna zai bi."

Mama ta toshe baki da gefen kanga. Kondo kuwa yana can yana jera wayoyinsa a aljihu ɗaya bayan ɗaya, ko kai bai ɗago ba.

"Mai Digiri," ya ce, "tambaye shi nawa ne."